Haƙorin Dariya Shi Ke Cizo

Wannan karon na ajiye ƙagaggen labari a gefe, na kawo muku nawa na kaina, haɗe da na wani Bature da ya bar duniya tun ba a haife ni ba. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi, amma da na ji wata ƙanwata 'yar aji biyar tana cewa ita fa duk namijin da ya iya ba ta dariya ya gama da ita, sai na ce to, shiru ya ƙare.

Abbanmu tela ne, kuma ba mutum ne mai yawan dariya ba. Daga shago sai masallaci, daga masallaci sai gida. Amma yana da wani faifai guda ɗaya da yake ɓoyewa a cikin akwatin zarensa, na finafinan wani ɗan wasan barkwanci, Charlie Chaplin, wanda mu a gida Cali kawai muke ce masa. Idan an gama hidimar ɗinkin Sallah, jiki ya huta, aka yi sa'a akwai wuta, sai ya ce a ɗauko masa. Fim ne baƙi da fari, ba magana, sai kiɗa. Ga ɗan mutum da wando burmeme, kwat ta matse shi, 'yar hula a ka, takalma sun fi ƙafarsa, ɗan gashin baki kamar an ɗiga masa shuni, yana tafe yana juya sanda. Abba ne ya gaya mana cewa har Raj Kapoor na Indiya shigar Cali da tafiyarsa ya ara a fim ɗinsa Shree 420 na 1955.

Wurin da Abba ya fi so yana cikin The Gold Rush na 1925, inda yunwa ta ishi Cali da abokinsa a cikin wata bukka, ƙanƙara ta rufe su, sai ya cire takalminsa ya dafa a tukunya, ya zuba a faranti cikin yanga, yana nannaɗe igiyar takalmin kamar taliya, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza. Wallahi Abba sai ya yi dariya har hawaye, sannan ya share ido da hannun riga ya ce, "Mutumin nan ya san yunwa. Wanda bai taɓa kwana da ita ba, ba zai iya wannan ba."

Ina aji shida, shekarata sha bakwai, wani ya fara zuwa wurina zance. Ba zan faɗi sunansa ba, bari mu ce Wane. Shekarunsa talatin da shida, yana da shagonsa, yana da rufin asiri, ya taɓa aure sun rabu. Amma abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne ban dariya. Babu muryar da ba ya kwaikwaya: ta mai tallan maganin gargajiya, ta ɗan siyasa a kan duro, ta tsohuwa tana rigima da jikanta. Idan ya zauna a zaurenmu, har Ummanmu sai ta laɓe bayan labule tana toshe baki da mayafi. Ƙawayena kuwa cewa suke, "Ke kam kin huta, ke da hawan jini har abada." Ni ma haka na ɗauka. In ya tafi sai in kwanta ina maimaita maganganunsa ina dariya ni kaɗai, har Umma ta ce anya lafiya.

Da maganar turo magabata ta taso, Abba bai ce a'a ba, bai ce e ba. Cewa ya yi, "Mamana, a gama jarrabawa tukuna." Ni kuwa don in shawo kansa na ce, "Abba, ai shi ma kamar Calinka yake." Ya ɗago daga kan keken ɗinki ya dube ni ya ce, "To ke kin san Cali a cikin gidansa?" Na yi shiru, don ban sani ba. Ashe shi ma ɗan abin da ya ji ne kawai. Yayana da ke jami'a ne ya aro mini littafin da Cali ya rubuta na tarihin rayuwarsa, wanda ya fito a 1964, ya kuma bar mini wayarsa ina duba sauran. Bayan jarrabawa ba ni da aikin yi, sai na zauna da ƙamus a gefe ina bi a hankali.

'Yar uwa, farkon abin da na karanta kuka ya sa ni. An haife shi a Landan ranar 16 ga Afrilu 1889. Uwa da uba duk mawaƙan dandali ne, suka rabu yana ƙarami. Uban giya ta lalata masa hanta, ya rasu a 1901. Uwar, Hannah, muryarta ta dishe ta daina samun aiki, ta koma ɗinki da keken haya, har wata rana aka zo aka ɗauke keken saboda ta kasa biya. Da na karanta wa Abba wannan wurin, sai da ya tsayar da ƙafarsa a kan nasa keken ya yi jim. Cali yana da shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta, daga nan aka wuce da shi da wansa Sydney makarantar marayu. A 1898 uwar ta sami taɓin hankali aka kai ta asibiti. Ta fito, ciwon ya dawo, yana ɗan shekara sha huɗu shi da kansa ya riƙe hannunta ya kai ta. Kuma wannan uwar ce malamarsa ta farko: takan zauna bakin taga tana kwaikwayon masu wucewa a titi don ta ba 'ya'yanta dariya su manta da cikinsu. Ashe gaskiyar Abba, ya san yunwa.

Sai ga shi Allah Ya buɗa masa. Ya shiga ƙungiyar wasa, suka je Amurka, ya fara fim a 1914. Shekara biyu kacal, a 1916, aka ƙulla yarjejeniya da shi ta dala 670,000 a shekara, yana da shekara ashirin da shida. Yaron da ya rasa takalmin kirki ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi biya a duniya.

Abubuwan da yake so ma sun burge ni. Yana son goge irin na Turawa, kuma da yake bahago ne sai da aka juya masa tsirkiyar, tun yana saurayi yakan shafe awoyi yana koyo. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, amma shi yake tsara kiɗan finafinansa, ya rera da baki ko ya buga, masana su rubuta. Yana son wasan tanis ƙwarai, har fili ya yi a gidansa. Duk da dukiyarsa, abincin talakawan Landan bai fita daga ransa ba, dafaffen tumbi da romon rago, kamar dai mu da farfesun kayan ciki. Da ya je Jafan a 1932 kuwa, soyayyen jatan lande ya tafi da shi. Turarensa ma sananne ne, Mitsouko, na kamfanin Guerlain na Faransa. Har labarin soyayyarsa ta fari akwai: yana ɗan shekara sha tara, a 1908, ya ga wata 'yar rawa Hetty Kelly, ya nemi aurenta ba ta amsa ba. Ta rasu a annobar mura ta 1918, shi kuwa bai ji ba sai a 1921 da ya koma Landan yana ɗokin ganinta. Na rufe littafin na ce kai, wannan ai irin mijin da ake nema ne, ga ban dariya, ga tausayi, ga sanin daɗin duniya.

Daga nan ne labarin ya fara canza launi. A 1918, yana da shekara ashirin da tara, ya auri Mildred Harris, 'yar shekara sha shida. Bai daɗe ba ya gaji da ita, ya koma wuni da kwana a wurin aiki. Ta haifi ɗa namiji a 1919, kwana uku ya koma. A 1920 aure ya mutu. Sai Lita Grey, wadda ta fito a fim ɗinsa The Kid tana 'yar shekara sha biyu. Ya ɗauke ta za ta zama tauraruwar The Gold Rush, sai ga ciki, aka je Meziko a ɓoye aka ɗaura aure a 1924, ita sha shida, shi talatin da biyar. Fim ɗin da aka yi mata alkawari wata aka saka. Ta haifi 'ya'ya biyu maza a cikin ƙasa da shekara guda tsakaninsu, ta kwashe su ta bar gidan a ƙarshen 1926. Shari'arsu ta zama abin kallo, har takardar ƙararta aka buga ana sayarwa a titi, a 1927 ya biya ta dala 600,000, wanda ba a taɓa biyan irinsa ba a Amurka a lokacin. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a cikin wannan ƙaton littafin nasa, 'yan layuka kaɗan ya ba wannan auren, ko sunanta bai ambata ba. Kin ga, lokacin da duniya ke dariyar dafa takalmi, wanda ashe ma na alewa ne, akwai wata yarinya sa'ata a gidansa, ga goyo ga kaɗaici.

A wurin aiki ma ba wasa yake ba. A City Lights na 1931, inda yake son wata makauniya mai sayar da furanni, wuri ɗaya tak sai da ya sa aka maimaita sau 342, har ya taɓa korar yarinyar da ta fito a makauniyar sannan ya dawo da ita. Matarsa ta uku, Paulette Goddard, ita ce ta fito tare da shi a Modern Times na 1936, su ma a 1942 suka rabu.

Amma kin san zuciyar budurwa. Da na iso kan mace ta huɗu sai na yi ajiyar zuciya. A 1943 ya auri Oona O'Neill, tana da shekara sha takwas, shi hamsin da huɗu, suka zauna shekara talatin da huɗu, 'ya'ya takwas, har mutuwa ta raba. Na ce yauwa! Ashe dai sauran ne ba su iya zama da shi ba. Ni ce Oona, matar Wane ta farko ita ce Mildred. Haka na yanke wa baiwar Allah hukunci ban taɓa ganinta ba.

Allah da ikonSa, a gidan lalle na bikin wata ƙawata muka haɗu. Aka nuna mini ita, aka nuna mata ni. Na ɗaure fuska ina jiran baƙar magana, sai ta matso da ƙafafunta a ɗaure cikin leda ta ce, "Ƙanwata, ke ce ko? Allah Ya sanya alheri." Na ce, "Amin Anti." Ta yi shiru, can ta ce, "Bai taɓa dukana ba, bai taɓa barina da yunwa ba, kada ki ji an ce. Abu biyu ne. In ya shigo gida, bakinsa ya gaji, sai in wuni in kwana ban ji kalma goma ba. Na biyu kuma, duk abin da na yi a ɗakina, gobe yana majalisa. In tuwo ya yi gudaji, in na yi kuka, in na yi kuskure a karatu, har yadda nake minshari. Sai in fita unguwa in ga yara suna kwaikwayon tafiyata." Na ce a raina kishi ne kawai, sakakkiya me za ta ce? Ko sallama ban yi mata da kyau ba.

To a lokacin na riga na fara rubuce-rubuce a ɓoye, a cikin littafin makaranta mai fallaye sittin. Labarin soyayya ne, na farko a rayuwata, ko Umma ba ta san da shi ba. Saboda yarda, ran nan na ɗauko na ba Wane na ce ya karanta shi kaɗai ya gaya mini ra'ayinsa. Ya karɓa da hannu biyu har da cewa, "Ranki ya daɗe marubuciya."

Bayan kwana uku Yayana ya shigo gida bayan isha'i, ransa a ɓace, ya ajiye littafin a gabana, bangon duk ya yi maiƙo. Ya ce, "Ke, wa ya ce ki ba shi wannan?" Ashe ya biyo ta majalisarsu ne ya tarar an yi da'ira, Wane a tsakiya ya yafa ɗankwali, ya maƙale murya irin ta mata yana karanta wasiƙar da yarinyar labarina ta rubuta wa saurayinta, yana fari da ido, yana dafe ƙirji, maza sun fi goma har da masu faɗuwa daga kan benci. Kuma ya faɗa musu wadda ta rubuta.

Ban yi barci ba a daren nan. Washegari da ya zo na fita zaure ido a kumbure na ce, "Me na yi maka?" Wallahi 'yar uwa, abin da ya ba ni tsoro shi ne bai gane ba. Dariya ya yi ya ce, "Haba gimbiya, wasa ne fa. Ai tallata ki na yi." Da ya ga hawaye na zuba, maimakon ya yi shiru, sai ya shiga kwaikwayon yadda nake jan hanci, wai don in yi dariya. Nan take maganar Anti ta dawo mini kalma bayan kalma. Mutumin nan ba mugu ba ne. Bai dai san wani abin yi da hawayen mutum ba, in ban da ya mai da su abin wasa.

Na shiga wurin Abba na durƙusa na ce na fasa. Bai tambaye ni dalili ba, ina jin Yaya ya riga ya gaya masa. Ya ce, "Kin tabbata, Mamana? Kada gobe ki ce ni na hana." Na ce na tabbata. Ya ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri," ya ci gaba da ɗinkinsa. Umma ce ma ta ɗan yi ƙorafi, don har ga Allah tana son shi, 'yan unguwa kuma suka ce na yi wauta, na saki reshe na kama ganye. Na fi wata shida ban ɗauki biro ba. Ko layin majalisar nan na daina bi, sai in zagaya ta bayan masallaci. Daga baya na nemi Anti har gidansu na ba ta haƙuri, yau ita ce mai fara karanta duk abin da na rubuta kafin ya je wurin buga littafi.

Da hankalina ya kwanta na koma na ƙarasa labarin Oona, wanda a da na tsaya a inda ya yi mini daɗi. E, sun so juna, wannan ba a musu. Amma ku ji abin da ta biya. Mahaifinta, Eugene O'Neill, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, ya yanke hulɗa da ita saboda auren, har ya rasu a 1953 ba su sake haɗuwa ba. Burinta na zama 'yar wasa ta ajiye shi. A 1952, suna cikin jirgin ruwa za su Landan, gwamnatin Amurka ta soke masa izinin komawa bisa zargin yana tare da 'yan gurguzu, ita ce ta koma ta kwaso masa dukiyarsa, suka tare a wani ƙauye a Suwizalan, a 1954 ta ajiye takardar zama 'yar ƙasarta. Ta haifi autansu a 1962 yana da shekara saba'in da uku. 'Ya'yansa sun ce uba ne mai tsanani, kuma ranar Kirsimeti, da kowa ke murna, shi ba ya walwala, sai ya riƙa tuna yarintarsa lokacin da lemo guda ne kyautar. Amurka ta kira shi a 1972 ta ba shi lambar girma ta Oscar, aka tashi tsaye ana tafi minti sha biyu, Sarauniyar Ingila ta naɗa shi Sir a 1975 yana kan keken guragu, kuma Oona ce a gefensa tana jinya. Ya rasu ranar 25 ga Disamba 1977, ranar da ba ya so ɗin nan, yana da shekara 88. Ko a kabari bai huta ba, a Maris 1978 wasu mutum biyu suka tone akwatin gawar suna neman kuɗin fansa, sai bayan mako goma sha ɗaya aka gano shi a wata gona. Ita kuwa tana da shekara hamsin da biyu ta zama gwauruwa, ta janye jikinta daga mutane, har ta rasu a 1991 aka binne ta kusa da shi. Da nake cewa ni ce Oona, ban san ko rabin wannan ba.

Kada ku ce na ce a guji namiji mai raha. Allah Ya kiyaye mu da gidan da ba a dariya a cikinsa. Har gobe ina kallon Cali tare da Abba, kuma har gobe ƙarshen City Lights, inda makauniyar nan ta warke ta gane shi ta hanyar taɓa hannunsa, sai ya sa ni hawaye. Shi ma Wane ya yi aure, ina yi musu fatan zaman lafiya. Abin da nake roƙonku, idan yana ba ki dariya a zaure, ki lura da wa ake yi wa dariyar. In kullum wani ne da ba ya wurin, gurgu, ko tsohuwa, ko matar da ya saka, to ki sani ranar da kika shiga ɗakinsa ke ce mafi kusa da hannunsa. Ki gwada gaya masa wani abu da ya dame ki, ki ga ko zai iya yin shiru ya saurara. Ki bincika yadda yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. In ya taɓa aure, kada ki yi irin tawa, ki saurari wadda ta riga ki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan in iyaye sun ce a gama jarrabawa tukuna, ki gama ɗin, watanni kaɗan ne, kuma a cikinsu ne nawa idon ya buɗe.

Littafin nan mai maiƙo a bango yana nan a ƙasan akwatina. Shi ne na gyara ya zama littafina na farko, kuma wasiƙar da aka yi wa dariya a majalisa ban canza mata ko kalma ɗaya ba.

Allah Ya haɗa mu da mazaje nagari masu rufa mana asiri a gida da waje, Ya ba iyayenmu tsawon rai, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.